Ganyen Masu Jego da Makullin Ƙofar Baya

Ban taɓa mantawa da ranar da hedimasta ya ce in shirya miƙa makulli ba, kuma ba na jin zan manta har a kai ni makwancina. Ku 'ya'yana malamai da aka turo mana bana, da ku 'yan'uwana masu tsintsiya, kun ce in ba ku labarin itatuwan nan da kuke zama ƙarƙashinsu lokacin tara. To ga shi. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Inda na karkace, ku yi wa tsohuwa haƙuri.

Sunana Zainabu, amma Iya Abu aka fi sani. Aure ne ya kawo ni Kaduna daga ƙasar Katsina, muka zauna a Hayin Banki, maigidana yana tuƙin tifa. Da Allah ya karɓi abinsa sai na samu shara a wannan firamare. Ga wanda bai sani ba, irina ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Ƙungiyar iyaye da malamai ce ke biyana, hedimasta kuma shi ke ɗauka, shi ke sallama. Aikina in share ajujuwa da fili, in wanke makewayi, in riƙe makullin ƙaramar ƙofar baya. Ita wannan ƙofa an bar ta ne saboda famfon tuƙa-tuƙa da ke cikin makaranta. Bayan sallar asuba nakan buɗe, matan layin baya su ɗebi ruwa, kafin yara su fara zuwa in rufe. Da wannan aiki nake ci, da shi nake riƙe marayun da ɗana ya bar mini.

Ana nan, a daminar da ta biyo bayan zaman gida na korona, sai aka kira bita. Ita bita karatu ce da ake yi wa malamai su kansu, don su dawo su koya wa yara. Wannan ta kula da muhalli ce, wato ƙasa da ruwa da itace da iskar da muke shaƙa. Kowace makaranta ta wannan yanki ta tura malami. Mu aka tura Malama Rabi ta aji huɗu, yarinya mai sanyin murya, ba ta daɗe da aure ba.

Wadda ke ba da bitar ita ce Madam Rifkatu, daga ofishin ilimi. 'Yar kudancin Kaduna ce, gajeriya, kullum da takalmin roba a jaka don shiga taɓo. Abin da ya bambanta ta da waɗanda na saba gani shi ne ba ta yin bita ta ɓace. Duk wata sai ka ga napep ta sauke ta a bakin makaranta, ta bi malamanta ɗaya bayan ɗaya ta ga abin da ya yiwu da abin da ya gagara. A hannunta Malama Rabi ta koyo haƙa ramin taki, da rainon dashe a ledar fiya wata, da hana ƙona leda. Ni kaina da na shekara ina cinna wa shara wuta a bayan aji shida, sai ga ni ina ware busasshen ganye gefe, leda gefe. Tarin da hayaƙi ke sa ni duk safiya ya yi sauƙi, shi ya sa ban yi gardama ba.

Sannan aka kawo dashe. Dogon yaro ne, wanda mu a Katsina muke ce wa bedi. Aka jera su daga bakin famfo har ƙarshen katangar baya, kowane aji da nasa. Malama Rabi ta ɗauke su kamar 'ya'yan cikinta. Da rani ya shigo yara na ba su ruwa da robobi, ranar da babu makaranta ni nake ba su. Suka kama, suka yi kore shar, har suka kai mini ƙirji. Madam ta zo ta gani, ta yi murna, ta ce taron malaman yanki na ƙarshen zango a makarantarmu za a yi shi, don sauran su ga yadda ake yi.

Daga nan ne abin ya fara.

Wata safiya aka iske an karya kan guda. Bayan kwana biyu an zage rassan wani, ya tsaya tsirara kamar sanda. Hedimasta, Malam Ɗahiru, Bazazzagi ne, mutum mai gaskiya amma mai zafin nama. Ya ce awaki ne, aka kewaye kowane dashe da tsofaffin bulo da ƙaya. Ba a daina ba. Ya ce yara ne, ya tara su a fili ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ba a daina ba. Waɗansu daga cikin waɗanda aka karya wa kai suka bushe ƙaf.

Ni kuwa na san ko mene ne, don a gabana ake yi.

Ku maza ku saurara, don wannan ba a cika faɗa muku ba. Idan mace ta haihu, har ta yi arba'in ana yi mata wankan jego safe da yamma. Ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma damin ganye a ciki, a riƙa fyaɗa mata a jiki. Ganyen dogon yaro aka fi so, kuma ba ya daɗewa yake laushi, sai an sake sabo. Da can akwai manyan itatuwansa a bakin titinmu, yaro ma aika shi ake ya tsinko. Aka sare su ɗaya bayan ɗaya, aka yi shaguna, aka yi gidajen haya. Unguwa ta cika da mutane, haihuwa ba ta tsaya ba, itace kuwa babu. Sai ga kore shar a bakin famfo, daidai hannun mace.

Babbar mai wankan jego a layin baya ita ce Delu, sa'ata ce, tare muka tsufa, bakinta kamar aska. Rannan na ritsa ta ta ajiye bokiti tana murɗe reshe.

Na ce, "Delu, ki ji tsoron Allah. Jaririn itace ne, bai kai a taɓa shi ba."

Ta ce, "Ke Abu, tun da aka rataya miki makulli kika zama gwamnati. Ganyen Allah ma sai an nemi izini?"

Na ce, "Na yara ne. Malamarsu kuka take yi."

Ta ce, "Ni ma yarinya na bari can kwance, ruwa na tafasa a murhu. In koma in ce mata ta dakata da jego sai itace ya girma?"

Ta cusa ganyen ƙarƙashin hijabi ta ɗauki ruwanta. Na bi ta da ido na ƙyale ta, don ni ma an yi mini wankan nan, na kuma yi wa wasu. A tarbiyyarmu ba a hana mai jego abin wanka. Kuma ba Delu kaɗai ba ce. Wata don 'yarta, wata don ƙanwarta, kowa ɗan reshe guda, kowa na ganin nata bai kai ya kashe itace ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi. A lokacin mai ɗakin hedimasta ta haihu, duk mun je mun ci suna. Wadda ke yi mata wanka kuwa Delu ce. Wato ganyen da Malam Ɗahiru ke nema ruwa a jallo ya san wanda ya tsinka, a tsakar gidansa ake tsoma shi.

Wata ranar Litinin ya aika aka kira ni ofis. Na iske Malama Rabi tsaye a gefe, kanta a ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Iya, na lura. Da yamma muna barinsu lafiya, da safe mu iske ɓarna. Tsakanin nan ƙofa ɗaya ake buɗewa, kuma ke ce mai makulli. Wa ke yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutane da yawa ke shigowa ɗiban ruwa."

Ya ce, "Na san mutane ne, ban ce aljanu ba. Suna nake so."

In na ce Delu, zai kira Delu. Delu kuwa ba za ta tsaya a ofis ba, a tsakiyar fili za ta faɗi gidan da take kai ganyen, yara na ji, malamai na ji. Mutumin da ya riƙe ni da mutunci, bai taɓa ɗaga mini murya ba, in zama ni na jawo a yi masa dariya a unguwa? Ga kuma matan da muke zaman makoki da biki tare.

Ya jira, ya jira. Can ya ce, "To shi ke nan. Ba na son haka, Allah ya sani. Amma an ba mu amana, baƙi za su zo su ga mun kasa. Ƙarshen zango ki kawo makulli. Za a toshe ƙofar da bulo, ƙungiyar iyaye su ɗauki maigadi namiji. Ba mu da ƙarfin riƙe mutum biyu, shara yara za su riƙa yi."

Na ce, "Allah ya ba da haƙuri." Na tashi na fita.

A bayan aji Malama Rabi ta cim mini. Tana da ciki a lokacin, na fari, ya fara fitowa, kullum tana jan hijabi tana rufewa. Ta riƙe hannuna tana hawaye.

Ta ce, "Iya, na sani. Duk malamai mata mun sani. Mun yi maganar a tsakaninmu, kowa ta ce wata ta faɗa. Ni da wannan abin a gabana, ta ina zan buɗe baki in yi wa Malam zancen jego? Gara ƙasa ta tsage in shige."

Na ce, "Share hawayenki, 'yata. Ba a kuka da juna biyu. Wanda ya ba ni wannan zai ba ni wani."

Haka na faɗa mata, amma da na koma gida na kalli jikokina suna cin tuwo, sai na tambayi kaina: Wa zai ɗauki tsohuwa aiki? Na yi ta roƙon matan layi su bari. Wasu suka bari, wasu suka ce to, gobe kuma a ga sabon karaya.

Kwanci tashi, makon ƙarshe na zango ya zo, ranar taro ta zo. Tsarin irin wannan taro shi ne malaman da suka yi bita su haɗu a makaranta guda, kowa ya faɗi abin da ya yi, sannan a zagaya a ga aikin masu masauki. Hedimasta ya sa aka jera bencina a gaban ofis, can nesa da katangar baya. Ya ce a nuna wa baƙi ramin taki da dashen da ke cikin leda, ya isa.

Madam Rifkatu ta riga kowa zuwa. Ba ta nufi ofis ba, ta sa takalmin robarta ta zagayo baya, ta iske ni ina shara a bakin famfo. Ta tsaya ta dubi layin itatuwan. Ta daɗe tana kallo. Ta tsuguna gaban guda, ta shafa inda aka murɗe.

Ta ce, "Mama, ina kwana. Wannan ba akuya ba ce. Akuya ganye take ci ta bar tsinke. Wannan hannu ne."

Na ce a raina, ga wata ta zo neman suna.

Sai ta ce, "Ba na tambayar wa ya yi. Me ake yi da shi?"

'Ya'yana, tun da aka fara abin nan babu wanda ya yi wannan tambaya. Kowa wane ne, wane ne. Ita kuwa me ake yi da shi. Wannan ina iya amsawa ba tare da na tona kowa ba. Na jingine tsintsiya na ba ta labarin wankan jego, da itatuwan bakin titi da aka sare, da yadda ba a hana mai jego. Ban ambaci Delu ba, ban ambaci gidan kowa ba.

Ta dafa ƙirji ta ce, "Kai! Mu ma a wajenmu ana gasa mai jego da ruwan zafi, mamana ta yi mini, sai dai da tawul. Ni na zaɓo dogon yaro don ba ya son ruwa da yawa. Ban tambayi abin da unguwa ke yi da shi ba." Sannan ta ce, "Mama, in na faɗi wannan a gaban mutane, zai cuce ki?"

Na ce, "Ni an riga an sallame ni, Madam. Jibi zan miƙa makulli."

Ta dube ni. Ta ce kawai, "Taya ni mu kira yara su ɗauko bencina."

Da baƙi suka taru, sai suka iske wurin zama ya koma bakin famfo, daidai gaban itatuwan da aka zage. Na ga fuskar hedimasta ta canza, amma mai ilimi ne, ya yi maraba da kowa ya zauna. Ni na koma gefe da tsintsiyata, don ba wurin zamana ba ne. Madam ta ce a'a, a ba Mama benci.

Ta miƙe ta ce, "Malamai, yau ba zan nuna muku abin da ya yi kyau ba. Ga abin da ya lalace, shi za mu karanta. Wa ke da irin wannan a makarantarsa?"

Can wata malama daga Rafin Guza ta ɗaga hannu ƙasa-ƙasa. Wata ta bi ta. Kafin ka ce me, kusan rabin wurin hannu na sama. Madam ta tambayi me suka rubuta a rahoto. Suka ce awaki.

Ta ce, "Awakin Kaduna sun sha zargi bana." Aka yi dariya. Sannan ta faɗi zancen wankan jego ƙarara, yadda na gaya mata, ba ta ce daga bakina ta ji ba. Malamai mata suka ja mayafi suka rufe baki, wasu na kallon ƙasa, wasu kafaɗunsu na rawa. Kowace ta sani. Kunya ce ta ɗaure su, kamar yadda ta ɗaure namu malaman.

Madam ta juya wajen maza ta ce, "Ku iyayen gida, wanda aka haihu a gidansa bana, daga ina ganyen wanka ya fito?"

Akwai wani Malam Tukur daga Rigasa, Bakano, ba ya iya ganin wuri shiru. Ya ce, "Madam, mu dai rago aka sani da mu, da itacen wuta, da kanwar kunu. Ganye ba ya cikin abin da ake karanta mana." Aka fashe da dariya. Kun san Bakano da Bazazzagi abokan wasa ne, ba ya ganin girman kujera. Ya nuna hedimasta da baki ya ce, "Ga mai masaukinmu nan, kwanan nan na ci naman sunan gidansa, ko da yake ƙashi aka ba ni. A tambaye shi, Zazzagawa sun fi mu bincike."

Malam Ɗahiru ya yi dariya tare da kowa. Ya buɗe baki zai rama. Sai na ga dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ya dubi itatuwan. Ya dubi ƙofar baya. Ya yi magana a hankali kamar da kansa yake, ya ce, "Kullum in zan fito makaranta ina ganin sabon ganye a bakin murhu." Can ya ce, "Delu ce ke zuwa. Delu kuwa a layin nan take."

Malam Tukur kansa ya sunkuyar da kai, don bai san abin da ya taɓo ba. Madam ma ba ta sani ba, na ga ta zaro ido.

Hedimasta ya miƙe tsaye. Wani ne da ya shanye, ya bar maganar ta wuce. Shi kuwa ya cire hula ya shafa kai ya mayar, ya ce, "Jama'a, ku shaida. Na zargi awaki, na zargi yara, na kori tsohuwa daga aikinta. Ashe a gidana ake tafasa abin." Ya juyo gare ni ya ce, "Iya, kin sani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, idona ba ya gani sosai da sassafe."

Ya yi wata irin dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kin gwammace ki rasa abincinki da ki kunyata ni. Ki yafe mini. Makullinki yana hannunki, ba mai karɓa."

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Malama Rabi ta cusa fuska cikin hijabi, ba a san ko kuka take ko dariya ba. Malam Tukur ya ce, "To ni dai a sake ba ni nama, tun da na gano ɓarawo." Nan wurin ya sake.

Amma Madam ba ta bari an tashi a kan dariya ba. Ta ce riƙe makulli bai hana itace mutuwa, kuma toshe ƙofa bai hana mata haihuwa. Ta sa kowane malami ya faɗi abin da mutanen unguwarsa ke nema a jikin itace, wannan ya ce magani, wannan ya ce abincin ragon layya, wannan ya ce asuwaki. Ta ce daga yau, kafin a dasa komai a makaranta, a zauna da matan unguwa tukuna.

A cikin hutun ta dawo, ranar da ba aikinta ba. Muka tara matan layin baya a bakin famfo, babu namiji ko ɗaya. Delu ta zo tana hura hanci.

Ta ce, "An ce za a kai ni kotu a kan ganye."

Madam ta ce, "A'a Mama, makaranta za a sa ki."

Delu ta ce, "Da furfurata?"

Madam ta fito da wuƙa mai kaifi daga jaka. Ta nuna mana cewa ran ƙaramin itace a kansa yake, in an karya kai an gama da tsayinsa, in an murɗe reshe ɓawo ya tsage ciwo ya shiga. Ta nuna yadda ake yanke na gefe, na ƙasa-ƙasa, yanka guda mai tsabta, a ɗauki kaɗan a bar masa mafi yawa. Ni da na girma cikin bedi ban taɓa sanin haka ba. Ta ce na cikin makaranta a bar su su yi tsawo don inuwar yara. Za ta kawo wasu a dasa a wajen katanga, a riƙa datse su daidai ƙirji don su yi ta tofo, waɗannan na masu jego ne. Duk gidan da ke da mai ciki su ɗauki guda su riƙa ba shi ruwa.

Delu ta ce, "To kafin su girma fa? In yi wa 'ya'yan mutane wanka da alkawari?"

Madam ta ce a harabar ofishinsu akwai tsofaffin dogon yaro manya-manya, ana sassabe rassansu ana zubarwa. Ta riga ta nemi izini a riƙa ɗaure mana. Saura mai ɗaukowa.

Mai ɗaukowa kuwa, da labari ya kai masa, hedimasta ya ce shi ne. Ku da kuka zo yanzu ba ku ga wannan ba. Malam Ɗahiru da babbar riga da hula, a kan mashin, da damin ganye ɗaure a baya ya fi shi tsawo, yana ratsa Hayin Banki. Masu shayi na yi masa kirari, suna ce masa angon masu jego. Ya ɗaga musu hannu ya wuce. Ya sauke a bakin ƙofar baya, ni in raba. Haka ya yi ta yi har na wajen katanga suka isa yanka.

Da Malama Rabi ta sauka, namiji, da ganyen da hedimasta ya ɗauko aka yi mata wanka. Bayan ta dawo aiki ta yi zango guda ba ta yarda sun haɗa ido ba. Haihuwarta ta biyu kuwa, daga itacen da ita da kanta ta dasa a wajen katanga na yanko, da wuƙa, daga gefe, yadda aka koya mana.

An yi wa Madam Rifkatu canjin wurin aiki daga baya, ban san inda take ba yanzu. Addininmu ba ɗaya ba, amma ba na sallah in tashi ban roƙa mata alheri ba. Malam Ɗahiru ya yi ritaya, Allah ya ƙara masa lafiya. Jikokina sun girma da abincin wannan tsintsiya, babbar har ta shiga sakandare.

Abin da na gani a aikin nan shi ne, malami yana iya sanin abu sarai bakinsa ya kasa faɗa, don shi ma ɗan unguwa ne, da kunyarsa da surukansa. Ba ƙarin karatu kaɗai yake buƙata ba. Yana buƙatar wanda zai riƙa dawowa, ya zagaya bayan aji inda ba a jera benci ba, ya ga abin da ya lalace bai nemi wanda zai kama ba. Na kuma ga cewa shugaban da zai iya miƙewa gaban baƙi ya ce ni ne, ba a rasa albarka a ƙarƙashinsa. Ku da za ku riƙe makarantar nan bayanmu, duk ran da kuka iske an taɓa muku wani abu, kafin ku tambayi wa ya yi, ku tambayi me ake yi da shi.

Har yau ni ke buɗe ƙofar baya. Delu ce ta farko a layi kullum, da bokiti a hannu da 'yar wuƙarta a ƙugu, tana cewa, "Gwamnati, a buɗe mana." Makon jiya wata amarya baƙuwa ta kai hannu kan wani ƙaramin dashe. Kafin in buɗe baki na ji muryar Delu daga bakin famfo.

"Ke! Sauke hannunki. Ba a taɓa masa kai. Zo nan in nuna miki."